Silifa a Hancin Yaya Bibata

Ƙarfe takwas saura minti goma na safiyar Litinin. Mu uku ne a wurin: ni Idi, mai riƙe da makullin ɗakin ajiyar takardu, Yaya Bibata, mai buga takardun biro, wato ofishinmu, sai Kwamanda, hafsan da aka turo ya shugabance mu bayan soja sun karɓi mulki. Na faɗi lokacin ne domin tun da Allah ya yi wa Yaya Bibata rasuwa nake jin labarin nan a tasha da bakin kogi, kowa da ƙarinsa. Wani ma ya ce da la'asar aka yi. Ba da la'asar ba ne. Zan jera shi yadda ya faru.

Duk mutumin Gaya ya san halinta: ba ta yar da komai. Takardar karbon sai ta yi fari fat tana juya ta. Ambulan ɗaya yakan je Doso ya dawo sau uku. In ka ce mata, "Yaya, wannan ai ya ƙare," sai ta fizge abinta ta ce, "Bai mutu ba!" Taubashiyata ce, ɗiyar kawuna, ta girme ni da shekara goma sha biyu. Kaporal take ce mini, ni da ban taɓa sa kaki ba, wai ko tuwo a jere nake cin sa.

To, ranar Litinin ɗin aka ɗauke mashin ɗinta na buga takarda, aka aza ordinatar, wato kwamfuta, a kan teburin, ƙaton akwati mai fuskar gilashi kamar tele. Ta bi mashin da kallo har ƙofa tana cewa bai mutu ba. Ba wanda ya kula ta.

A nan sai na yi bayanin tabaraunta, in ba haka ba ba za a gane sauran ba. Mai hawa biyu ne. Saman gilashin na hangen nesa, ƙasansa na karatu. Shekara da shekaru takarda na kwance a gabanta, tana dubawa ta ƙasa, lafiya lau. Amma fuskar ordinatar a tsaye take, daidai da saman gilashin. Ba ta ganin harafi ko ɗaya sai ta ɗaga haɓa sama ta leƙo ta ƙasa.

Kwamanda ya tsaya a bayan akwatin, yana fuskantar ta, ya ce ta buga masa sunansa. Yaya ta ɗaga haɓa. Ta ƙara ɗagawa. Hanci ya kalli rufi, baki ya karkace, ido ya ƙanƙance. Wallahi ko ni da na san ta, da haka ta kalle ni a hanya, sai mun je gaban manya.

"Madam, ni kike yi wa wannan kallo?"

"A'a, mon kwamanda. Ni ko ganin ka ba na yi."

Kai! Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Kwamanda bai yi ihu ba. Ya ce ranar Juma'a ƙarfe goma zai ba ta sunayen ƴan lakkwal, wato makaranta, na ƙauyuka da za a yi wa takardar haihuwa, shafi guda, minti talatin, babu kuskure. In ta kasa, za a kawo sabuwar sakatare daga Doso, ita kuma ta koma ɗakin ajiya ta riƙa taya ni kakkaɓe ƙura.

Da ya fita ta juyo ta ce, "Shekara ashirin da tara a kujerar nan, in ƙare a ɗaki ɗaya da kai? Gara su kai ni kurkuku."

Na ce mata, na ɗaya, ta je Doso wurin likitan ido. Na biyu, a yi mata tabarau na wannan aiki. Ban kai na uku ba ta katse ni. "Ido biyu gare ni, Kaporal, tabarau biyu na mene ne? Wannan bai mutu ba."

Talata ta ce in ta fi ordinatar tsawo ai dole ta gan shi ta ƙasa. Ta zo ɗakina tana neman manyan rajista huɗu ta zauna a kai. Na hana. Akwai Abdullahi da Abdurrahman cikinsu, ba a zama kan sunan Allah, kuma in sun fita daga layinsu wa zai mayar? Sai ta aro turmi wurin mai sayar da abinci a ƙofar biro, ta kife shi, ta hau. Gani kam ta gani. Amma ƙafafunta na reto, hannu ba ya kai wa haruffa sai ta duƙa, in ta duƙa kuma gani ya tafi. Ƙarfe sha ɗaya da kwata aka kunna fanka, ta tashi, ta yi awon gaba da kallabinta. Mai turmi kuma ta zo ta tsaya a taga tana cewa yajinta na jira.

Laraba ta zo da tabarau a juye, ƙasa ya koma sama, ta ɗaure shi ta ƙeya da robar kuɗi. Wannan ya ɗan yi aiki, ta buga layi shida. Matsalar ita ce duk abin da ya wuce taku biyu ya zama hayaƙi. Kwamanda ya rataye hularsa da rigarsa a ƙusa ya tafi wurin taro. Ina shigowa na tarar da Yaya a tsaye tana gaida su.

"Ina kwana, mon kwamanda. An tashi lafiya? Yaya gajiya?"

Na ce, "Yaya, riga ce."

Ta ce, "Na sani. Ta dai fi shi sauƙin kai."

Da yammacin ranar dariya ta ƙare. Wuyanta ya sage, ko sallamar sallar la'asar da dukan jiki ta juya. Ƙarfe biyar saura kwata, kowa ya watse, ta zauna ta zuba wa akwatin ido. Can ta ce, ba Kaporal ba, sunana ta kira, "Idi, gaya mini gaskiya. Na tsufa ne?"

Ban iya irin wannan magana ba. Na tsaya ina duban fuskarta, sai na ga abin da ya kamata in gani tun Litinin. Na ce, "Ba ke ce kika yi ƙasa ba, tabarau ne. Mayar da shi daidai." Ta mayar. Na sa ɗan yatsa a tsakiyarsa na tura shi sama kaɗan, ƙasan gilashin ya zo daidai ƙwayar ido.

"La ilaha illallahu! Ga su nan ɓaro-ɓaro! Kada ka motsa!"

Minti ashirin na yi a tsaye, yatsana a hancinta, tana bugawa kamar ruwan sama a kan kwano. Da ta gama ta ce shi ke nan, ranar Juma'a haka zan tsaya. Na ce ni ma'aikaci ne, da mata da ƴaƴa biyar, ba zan riƙe hancin kowa a gaban soja ba.

Alhamis da safe muka je wurin Sumana mai facin taya a bakin tasha, ya yanka mata abin da zai zauna tsakanin hanci da tabarau ya ɗaga shi. Na farko da robar taya ya yi. Ya bar mata baƙin tabo, ga wari. Na biyu da ɓawon toshiyar kwalba, ya farfashe. Sumana ya ce abin da zai yi daidai robar silifa ce, mai laushi, mara nauyi, a sayo sabuwa a yanka.

"Sabuwa? A yanka?" Ta buɗe jakarta ta zaro silifa shuɗiya, ƙafa ɗaya. Ɗayar ta faɗa kogi shekara shida da suka wuce, ranar da ta je ta'aziyya Tounouga a jirgi. Tun ran nan take yawo da wannan. Ta dube ni ta ce, "Wa ya ce in yar? Maimaita, Kaporal, Sumana bai ji ba."

Juma'a ƙarfe goma daidai Kwamanda ya shigo da takarda a hannu. Ya dubi shuɗin abin da ke hancinta.

"Madam, mene ne wannan?"

"Takalmina ne, mon kwamanda."

Ya duba agogo. Ni ma na duba nawa. Kanta a miƙe, haɓa a inda Allah ya ajiye ta. Minti ashirin da biyu ta gama. Ya bi layi-layi da alƙalami, ya tsaya a na goma sha bakwai.

"Kuskure ɗaya. A takardata Husaini ne, ɗan ƙauyen Bengou. Ke kin buga Hasan."

Ko gezau ba ta yi ba.

"Tagwaye ne, mon kwamanda. Husainin ya rasu yana wata uku, ni na buga takardarsa. Mai zuwa lakkwal Hasan ne. In aka ba shi sunan mamaci, ranar egizame, wato jarrabawa, za a kore shi daga ƙofa."

Ya juyo gare ni. Kafin ya buɗe baki na ɗauko rajistar, domin tana inda ya kamata ta kasance. Ya karanta. Ya daɗe yana kallon shafin, sannan ya gyara tasa takardar da hannunsa, ya ce kujerar tata ce.

Ya kai ƙofa, ya dawo. Ya leƙa waje, ya sa hannu a aljihu ya fito da tabarau wanda ba mu taɓa ganin sa da shi ba. Mai hawa biyu! Ashe shi ma nasa ordinatar a rufe yake da ƙyalle tun Litinin. Ya sassauta murya ya ce, "Madam, da saura?"

Ta ƙare wa fuskarsa kallo ta ce, "Da saura. Amma hancinka ya fi nawa tsawo, sai dai dunduniyar."

Shekara huɗu ta ƙara a kujerar har ta yi ritaya da ƙafarta, ta koya wa mata biyu aikin kafin ta tafi. A daminar bana ta kwanta kwana tara, ta cika da asubahin Alhamis. Allah ya jiƙan ta, ya haskaka kabarinta, ya yafe mata abin da ta yi mini da wanda na yi mata.

Ga roƙona. In a nan aka yi maka takardar haihuwa, ko ta ɗanka, ɗauko ta yau ka duba kusurwar ƙasa ta hagu. Idan ka ga ƙananan haruffa biyu, b da m, farkon sunanta da na mahaifinta, hannunta ne. Kafin ka ninke ta, ka karanta mata Ƙulhuwallahu ƙafa uku.