Goggo Ta Kwanta a Bayan Shinge

Ranar Talata, sha huɗu ga watan Mayu, da hantsi, Ubangiji ya kira Goggo, yayar mijina, bayan gajeriyar jinya. Yara ne suka sa miki Goggo, mu manya muka bi bakinsu har sunan ya zauna. Na yi kuka, Goggo, har muryata ta dushe. Amma yau ɗoki ne ya sa na ɗauki biro, gama kin tafi ba ki ga yadda aka ƙare ba, ni kuwa ba zan iya riƙe labarin a ciki ba.

Wanda bai san ki ba, ya tambaya a asibitin da kika yi aikin shara har kika tsufa. Ke ce mai jingine tsintsiya ki gyara wa tsohuwa matashi, ki shafa mai a ƙafar majinyacin da ba mai zuwa duba shi. Sa'ad da na shigo gidanku ban iya komai ba, na ƙona tukunya ƙurmus, kika ce wa ƙanenki ke ce kika bar ta a wuta. Ya san ƙarya kike yi, ya yi dariya ya ƙyale.

Babban alherinki gare ni kuwa a kan Dogo ne, ɗana na fari. Bakanike ne mai hannu, amma ya bar coci, ya kama sha, ya ce a gabana shi bai yarda akwai Allah ba. A haka mota ta buge shi a kan babur. A maƙabartar cocinmu akwai shingen waya: wanda ya mutu cikin zumunci da coci a ciki ake sa shi, saura a waje. A waje aka sa Dogo, ba waƙa, sai gajeriyar addu'a. Ban yi gardama ba, don ni ma na gaskata ya hallaka. In na hura wuta harshenta ya lashi yatsana, sai in zauna a ƙasa in ce haka ɗana yake ji, kuma babu ranar fita.

Wata rana mu 'yan zumuntar mata muka je nome kaburbura. Kowa in ta kai shinge sai ta juyo, haka muka saba. Ke kuwa kika ɗaga wayar, kika rarrafa ta ƙasa da fartanyarki, har zanenki ya yage. Matar Fasto ta ce, "Goggo, aikinmu a nan ya tsaya." Kika ce, "Mama, ai ciyawar ba ta tsaya nan ba." Kika nome kabarin Dogo tas, kika yafito ni da hannu. Ranar na fara zuwa wurin tun da aka rufe shi.

A nan muka zauna kika yi mini maganar da ta riƙe ni har yau. Kika ce mun ɗauka rai madawwami shekaru ne kawai marasa ƙarewa, alhali Yesu ya ce sanin Uba ne da sanin wanda ya aiko. Na ce ai Dogo bai san shi ba. Kika ce, "Gaskiya ne, ƙanwata. To wa ya ce miki Malamin ya tashi makaranta?" Kika tuna mini makiyayin da ba ya komawa gida sai ya sami tunkiyarsa, da kuma inda aka rubuta cewa ta wurin gicciye Allah yana sulhunta dukan abubuwa da kansa. Da yatsa kike bin karatu, a hankali, amma ba ki taɓa tsallake wannan wurin ba.

Fasto bai yarda da ke duka ba, kuma bai ɓoye ba. Ya ce hukunci gaskiya ne. Kika ce gaskiya ne mana, Dogo zai amsa hawayen uwarsa ɗaya bayan ɗaya, amma maƙeri ba don ya tsani ƙarfe yake sa shi a wuta ba. Ya ce ki bar abin da ba a bayyana mana ba. Kika ce to mu ma mu bar rufe ƙofar da ba mu ne masu makullinta ba. Kullum da dariya kuke rabuwa, yana kiranki lauyar ɓatattu.

A gadon asibiti kika sa aka kira shi da ƙanenki, kika ce a bayan shinge za a sa ki, kusa da Dogo. Dattawa suka yi ta kai da kawo, wai abin kunya ne a fitar da tsohuwar da ta fi kowa daɗewa a coci. Fasto ya ce wasiyya ce, ba zai taka ta ba.

Goggo, da kin gani! Dukan ikkilisiya ta zo ƙofar maƙabarta, ta wuce ta, ta bi gefen waya ta shiga ciyawa. Dattawan da kansu suka ɗauko akwatinki. Wurin ya yi ƙunci, mawaƙa suka rasa inda za su tsaya, sai suka kewaye kabarin Dogo. Suka tayar da waƙar tashin matattu a kan ɗana, Goggo, a kan ɗana! Da Fasto ya zo addu'a ya ce, "Muna miƙa maka dukan masu barci a wannan wuri," ya ɗago ido ya dube ni. Na buɗe baki na shiga waƙar da dusasshiyar muryata, ƙanenki yana riƙe da kafaɗata yana kuka kamar yaro.

Ya Uba mai jinƙai, ka karɓi baiwarka Goggo, ka gafarta mata kurakuranta, ka ba ta hutu a gabanka. Ina miƙa ta'aziyyata ga mijina, da 'ya'yanta da jikokinta, da zumuntar mata, da abokan aikinta na asibiti. Allah ya ba mu haƙuri, ya ta'azantar da mu duka. Yau kuma, a gaban jama'a ba a ɓoye ba, ina roƙo: ya Ubangiji, ka ji ƙan ɗana Dogo, ka ci gaba da nemansa har ya san ka. Amin.