Man Jirgi a Kan Irin Goggo

Ko zan manta da komai a duniya, ba na jin zan manta da ranar da mijin yayata ya zo ya nuna mana yadda mutanen Yamai ke kashe rina. Shekaru sun wuce, amma har gobe in na ji warin kananzir sai raina ya ɓaci, in ji kamar in tashi in mari wani. In na natsu kuma sai in ga ni ne na fi kowa cancantar marin.

A lokacin sana'ata feshi ce, a ƙauyenmu can wajen Bengou. Ina da famfon goyo, irin wanda ake ratayawa a baya, hannun hagu na buga iska, na dama na fesawa. Duk mai feshi a wajenmu ya san doka ɗaya tun kafin ya san sunan magani: ba a feshi sai da sassafe, kafin iska ta farka. In ka isa gona sai ka ɗebi busasshiyar ƙasa ka sake ta daga daidai kafaɗarka. In ta zuba kusa da ƙafarka, bisimilla. In ta yi gefe, ka mai da famfonka gida ka nemi wani aikin. Ba a lakwal, wato makarantar boko, aka koya mana wannan ba, kuma ban taɓa karya dokar ba sai ranar.

Goggona, yayar babana, tana da gadon renon shinkafa a bakin fadama. Shinkafarta ba irin ta kowa ba ce. Wata ja ce mai ƙamshi da ta gada wurin kakarmu, wadda in ana dafa ta maƙwabta kan leƙo da sunan gaisuwa. Ka zagaya kasuwar Gaya, ka haye gada ka shiga Malanville, ba za ka samu ko ƙwaya ba. Shekarar da ta gabata ruwa ya cinye gonarta, ɗan abin da ta tsira da shi kuwa duk ta zuba shi a wannan gadon. Ba ta bar komai a gida ba. Irin ya fito kore shar, saura kwana goma a cire a dasa.

Taku goma daga gadon akwai ɗan ɗakin kwano da ake ajiye injin ban ruwa. A ƙarƙashin bakin rufinsa rina suka yi gida, suka hana kowa sakat. Mu yadda muke yi, sai a bari sai bayan sallar asuba, suna sanyi ba su iya tashi, a kunna ɗanyar ciyawa a turnuƙe su da hayaƙi. Na riga na yi wa Goggo alkawarin zan yi mata wannan da safiyar Juma'a.

Ranar Laraba sai ga mijin yayata ya dira daga Yamai. Ya zo sanye da wata riga ruwan ɗorawa mai ƙyalli da suke kira jile, ga wani kati na reto a wuya. Wallahi ko alwala zai yi ba ya cire ta. Ya ce a filin jirgi yake aiki, shi ke shayar da jirage mai, in bai sa hannu ba babu jirgin da zai tashi. Daga baya ne muka ji aikinsa wanke motar da ke ɗaukar man. Amma a lokacin wa ya sani? Muka zagaye shi baki buɗe, muna yi wa rogo kallon kitse. Ni na fi kowa buɗe baki, don ya ja ni gefe ya ce akwai gurbi a wajensu, zai yi mini magana da babbansu.

Ya taho da wani bido, wato jarka, cike da abin da ya ce man jirgi ne, wanda ake tsiyayowa daga gindin tanki a zubar. Na shinshina na ce, "Yaya, ai wannan kananzir ne." Ya dube ni kamar na zagi uwarsa. "Kerozan ake cewa. Ƙauyanci dai ciwo ne."

Da ya ji zancen rinar sai ya kwashe da dariya. Hayaƙi? A wannan zamani? Ya ce in kawo famfona, cikin minti biyu zai gama da su. Ranar Alhamis ce, bayan azahar, lokacin da iskar gefen gulbi ke tasowa tana kaɗa ganyen mangwaro. Muka tafi fadama, shi a gaba da jilensa, ni a baya ɗauke da famfo da bido kamar jakin gidansu.

Muka tarar da Goggo tana tsintar ciyawa a gadonta. Suka gaisa daga nesa, ta sunkuyar da kai, don ita ta goyi yayata, suruki ne a wurinta. A wajenmu kuwa tsohuwa ba ta duban idon surukinta ta ce masa kada ya yi abu. Sai ta yafito ni, ta rage murya.

"Ɗan nan, me za ku yi da famfo da ranar Allah haka?"

Na faɗa mata. Ta ɗaga kai ta dubi ganyen mangwaro, ta dubi gadonta.

"Ka ce wa baƙonmu ya yi haƙuri sai da safe. Iskar nan ta kan gadona take bi."

Na koma wurinsa. Don in rage nauyin maganar, sai na duƙa na ɗebi ƙasa na sake. Ko ƙwaya ɗaya ba ta taɓa ƙafata ba, duk ta yi wajen gadon Goggo. Ya ce, "Wannan kuma fa? Duba kake yi mana?" Na ce iska nake gwadawa. Ya gyara jile, ya ɗaga yatsa kamar malamin lakwal.

"Kai, man nan da shi jirgi ke tsaga iska a sararin samaniya. Iskar Bengou ce za ta kaɗa shi? Ba ruwan maganinku ba ne. Inda ka nuna shi, nan yake zuwa, direk!"

Saƙon Goggo yana bakina. Kalma biyar ce ko shida. Amma na tuna gurbin filin jirgi, na hango kaina cikin jile, sai na haɗiye saƙon. Har ni na ɗora masa famfon a baya, na gyara masa maɗauri.

Ya tsaya ta inda iska ke fitowa, ɗakin kwano a gabansa, gadon Goggo a bayan ɗakin. Ya buga famfo har ya yi tauri, ya murɗa bakin ya koma mai fitar da laushi, ya danna. Rana na haska feshin, don haka na ga komai da idona, kuma har yau ina ganinsa.

Ƙananan ɗigon ko kusa da kwanon ba su je ba. Suna isowa gabansa sai su karkata tare da iskar, su zagaye kusurwar ɗakin kamar garke ya ga rijiya, su wuce. Manyansu ne suka bugi kwanon, su ma ba su zauna ba. Kowane ya bugu sai ya fashe, ya watse ya zama 'yan ƙanana, iska ta sure su ta bi da su bayan 'yan uwansu. Ɗan abin da ya manne kuwa sai ya baje, iskar ta riƙa tura shi a jikin kwanon har baki, ya tsinke ya tashi. Gidan rinar da ke lafe a ƙarƙashin rufi ko jiƙewa bai yi ba. Duk man jirgin nan da ke tsaga sararin samaniya, ga shi iskar Bengou na kora shi, tana sauke shi a hankali a kan irin Goggo.

Na ce, "Yaya..." Ya ce, "Yi shiru, kana ganin teknik."

Muna nan tsaye, ƙato da ƙato, tsohuwar nan ce ta yi abin da ya kamata. Ta cire mayafinta, a gaban surukin da take jin kunya, ta shiga laka har gwiwa, ta shimfiɗa shi a kan kusurwar gadon da ta fi nisa, ta danne gefunansa da hannu biyu. Man na sauka a bayanta da furfurarta.

Rinar ce ta tsayar da shi, ba ni ba. Warin ya tashe su, suka fito a fusace, kuma da alama jilen ya burge su kamar yadda ya burge mu. Mai shayar da jirage ya yar da bakin famfo ya zura a guje yana kiran sunan yayata, ya zame a kunyar gona ya faɗa cikin laka da famfona a baya. A wata ranar da na yi dariya har cikina ya ƙulle. Ranar ban iya ba.

Na ruga na ɗebo ruwa ina watsa wa irin. A nan na ga abin da ya sa na fid da rai. Ganyen shinkafa ba ya riƙe ruwa, in ka zuba sai ya dunƙule ya gangare. Man kuwa ya kama ganyen ya baje, ya bi shi har zuciya. Ruwana na gangarewa ta kansa yana barin shi a wurin. A saman ruwan gadon ma ga shi nan ya shimfiɗu yana ƙyalli, ja da kore da shuɗi. Goggo ta ce, "Bari, ɗan nan. Ka wahalar da kanka."

Kwana uku gadon ya koma rawaya, a na biyar ya kwanta kamar an zuba masa tafasasshen ruwa. Wuri ɗaya ne ya rage kore, mai kusurwa huɗu, daidai faɗin mayafi. Shi kuwa gogan tun ranar Asabar ya hau mota da kumburarren leɓe, yana gaya wa mutanen tasha wai famfona ne ba na zamani ba. Gwano dai ba ya jin warin jikinsa. Maganar gurbi kuma ko a waya bai sake tayar da ita ba. Rinar, da safiyar Lahadi na kore su da dami ɗaya na ɗanyar ciyawa.

Na je wurin Goggo ina ta zage-zage, ina cewa mutumin banza ne, maƙaryaci, mai cika baki. Tana zaune tana wanke mayafin nan a karo na uku, wari ya ƙi fita. Ta bar ni na gama, sannan ta ce, ba tare da ta ɗago ba:

"Shi baƙo ne, bai san iskarmu ba. Kai fa? Na ga ka saki ƙasa."

Da ta ɗauki muciya ta kwaɗa mini, da ya fi mini sauƙi. Na rasa inda zan sa idona.

Abin da mayafin ya rufe shi muka dasa, ɗan fili kamar tabarma uku. Shekarar ba ta dafa ko ƙwaya ba, duk ta ajiye iri. Sai a shekara ta uku ƙamshin shinkafar ya sake tashi a gidanta, kuma damina biyun da ke tsakani tuwon dawa ta ci, tsohuwar da haƙoranta suka ƙare. Tun daga nan ta raba irin gida uku, ta ce kada a sake tara shi wuri ɗaya. Ni ma ta ba ni tafi guda, kuma shi nake nomawa har yanzu da ba ta raye.

Na daɗe ina raina mutumin nan, kuma ban fasa ba. Amma wawa mai jile ba ya ɓarna shi kaɗai, sai ya samu wanda ya san gaskiya ya ɗora masa famfo. Abin da ranar ta koya mini ke nan: in ƙasar da ke hannunka ta nuna maka inda iska ta nufa, ka faɗa da ƙarfi, ko wa ke tsaye a gabanka, ko me ya yi maka alkawari.