An Kashe Na Kafin Bappa

Ɗan'azumi mutumin Yalwan Damai ne, amma noma bai taɓa karɓarsa ba. Yana saurayi ya jefar da fartanya ya shiga dambe, wani bahago ya zubar masa da haƙoran gaba a filin Gwaram, ya dawo gida yana tofar da jini yana yaba naushin da aka yi masa. Halinsa ke nan tun asali. Idan abu ya yi kyau zai faɗa, ko da a bakinsa ya sauka. Idan bai yi ba ma zai faɗa, ko na waye. Mutane suna cewa gaskiya gare shi, matarsa Bara'atu kuwa cewa take bakinsa ne ba shi da birki.

Da dambe ya ƙi, sai ya buɗe shagon gem kusa da tashar Birnin Kudu: talabijin, benci, da janareta mai tari kamar tsohon mashayin taba. Duk sabon wasan da ya fito sai ya buga shi, sannan ya tura saƙon murya a guruf ɗin 'yan gem ya faɗi kyansa da muninsa. Samari har daga ƙauyukan Gwaram suna jiran hukuncinsa, shi kuma yana jin daɗin hakan fiye da yadda yake nunawa.

A ƙuryar shagon nan ne Jafaru, ƙanin Bara'atu, ɗan Dingaya, ya shekara a kan wata tsohuwar kwamfuta yana haɗa wasan dambe na waya. Ya sa masa suna Dunƙule. Kowane gari na yankin ya yi masa ɗan dambensa, har da Kafin Bappa, ƙauyen da samarinsa ba sa ga maciji da na Dingaya tun wata rigimar filin ƙwallo. Ɗan'azumi ya ce masa wasan bai nuna ba, ya ƙara haƙuri. Jafaru ya yi dariya ya ce, "Yaya, kai ko Aljanna aka kai ka sai ka ce ƙofar ta karkace." Ya saki wasan.

Wasan ya fito da ciwo kala-kala. Yana shanye caji, yana daskarewa ana tsakiyar turmi. Mafi muni, ɗan damben Kafin Bappa faɗuwa yake yi tun ba a taɓa shi ba. Guruf ya kama da wuta. Aka zagi Jafaru, aka zagi iyayensa, wani ya buga wayarsa da bango ya turo hoton ya ce sai an biya shi. Wani ya zo har shago ya shaƙe Jafaru da wuyan riga, sai da Ɗan'azumi ya ɗaga shi sama ya ajiye a kwata.

Zagin ya ƙona wa Ɗan'azumi rai, domin babu mai faɗin abin da ya lalace, kowa ashar kawai yake zubawa. Sai ya ce bari ya yi abin da ya iya. Ranar da wani matashin Kafin Bappa mai suna Ɗanbala ya zo shagon ya gwada wasan a wayarsa da ɗan damben garinsu ya sha kaye, yana fita cin abinci Ɗan'azumi ya danna waya ya fara ɗaukar saƙon murya zuwa guruf. Ya yaba kiɗan ganga, ya ce ko a fili haka yake tashi. Ya yaba yadda ake jefa naushi. Ya lissafa laifuffukan ɗaya bayan ɗaya, babu zagi babu sassauci. A tsakiya ya ce, "Na Kafin Bappa kuwa, yanzun nan a shagona, a gaban idona, na Dingaya ya kashe shi. Bai ko ɗaga hannu ba."

Duk wanda ya san dambe ya san kisa shi ne a kai mutum ƙasa. Amma wani ɗan iska, wanda har yau ba a san ko waye ba, ya yanke farkon saƙon da ƙarshensa, ya tura wannan guntun shi kaɗai. Ya isa Kafin Bappa, wurin mutanen da ba su taɓa jin sunan Dunƙule ba. Suka kira Ɗanbala, wanda suka san ya tafi Birnin Kudu ranar, waya a kashe, wasan ya shanye cajinta. Muryar kuwa ta Ɗan'azumi ce, mutumin da kowa ya san ba ya ƙarya.

Bayan la'asar babura suka tsaya a ƙofar shagon. Wasu samarin Kafin Bappa ne, da gora da adda, idanunsu jajur. Ɗan'azumi ya tare ƙofa da faɗin ƙirjinsa, Jafaru na bayansa.

"Ina gawar ɗan'uwanmu?" in ji na gabansu. "Ina ɗan Dingayar?"

"Wace gawa? Wasa ne, bayin Allah. Gem ne na waya. Ku tsaya ku gani."

Ya zaro waya ya buɗe wasan, wasan ya daskare a kan baƙin allo. Gora ta sauka a hannunsa na dama, ya ji ƙashin ya ce ƙas. Ya kai wa ɗaya naushi da hagu, mutumin ya kife a kan benci, sauran suka rufar masa. Aka fasa masa goshi, jini ya rufe masa ido ɗaya. Da ɗaya idon ya ga Jafaru ya fito rungume da kwamfuta a buɗe, yana cewa, "Ni ne na Dingaya, ku bar shi. Ga shi nan, na ma gyara, yanzu na tura." Ba wanda ya dubi kwamfutar. Addar farko ta same shi a kafaɗa, ta biyu a wuya. Ya durƙusa a bakin ƙofa, ya dafa ƙasa, suka ci gaba da dukansa har bayan ya daina motsi.

A lokacin ne Ɗanbala ya ɓullo daga wajen tasha, yana sakace haƙori, yana tambayar me ake yi. Wanda ke riƙe da addar ya dube shi, ya dubi hannunsa, ya saki ihu. 'Yan sanda sun kama wasu, wasu sun gudu. Jafaru bai kai asibiti ba.

Ɗan'azumi bai sake buɗe shagon ba. Mutane sun yi ta ce masa ba laifinsa ba ne, shi ma ya san kalma ɗaya ta ƙarya bai faɗa ba, kuma wannan sanin bai rage masa komai ba. Ya so yaron nan kamar ƙaninsa na ciki ɗaya, bai taɓa gaya masa ba, kullum sai gyara.

Bayan an tashi daga zaman makoki, yana zaune a tsakar gida da hannu a ɗaure, ya kunna wayar da ya daɗe bai taɓa ba. Gyaran da Jafaru ya tura ya sauka. Ya buɗe da hagu, ya zaɓi na Kafin Bappa. Ɗan damben ya tsaya daram, ya kare, ya rama. Wasan bai daskare ba, cajin bai zube ba. Duk abin da ya lissafa, yaron ya bi ya gyara, a jere yadda ya faɗe su.

Bara'atu tana gefe tana tsince shinkafa. Tun rasuwar ba ta yi masa maganar da ta wuce gaisuwa ba. Ta ji kiɗan gangar, hannunta ya tsaya.

"Ya gyaru?"

"Ya gyaru."

"To ka faɗa musu mana. Ai kai suke yarda da shi." Ta mai da kanta kan faranti, hawaye na ɗiga cikin shinkafar. "Amma don Allah, Malam, duk jimlar da za ka yi, ka sa mata cewa wasa ne."