Ɗanmalam da 'Ya'yan Cikin Rairayi

Ɗanmalam ma'aikacin dabbobi ne a Dogon Dutsi, kuma duk makiyayin da ya taɓa kawo masa saniya ya san halinsa. In za ta tashi, zai ce za ta tashi. In ba za ta kai gobe ba, zai dubi mai ita ido cikin ido ya ce a nemo wuƙa tun da sauran numfashi. Mutane suna yaba masa a gabansa, su ja tsaki in ya ba da baya, shi kuwa yabon kaɗai ke isa kunnensa. Har ya haura shekara arba'in bai taɓa zaton gaskiya tana iya zama laifi ba.

A Matankari aka haife shi, ɗan limamin unguwa, shi ya sa sunansa na yanka, Rashid, ya ɓace tun yana rarrafe. Ranar da aka kai shi lakwal, wato makarantar boko, aka zaunar da shi benci ɗaya da wani siririn yaro marar magana mai suna Idris. Daga ranar ba su rabu ba. Tare suka ci bulala, tare suka ci jarrabawa, sai da girma ya zo kowa ya kama hanyarsa: Idris ya zama malamin makaranta, wato Mushe a bakin mutanen gari, Ɗanmalam ya tafi Kollo koyon aikin dabbobi. Da aiki ya sake haɗa su a Dogon Dutsi, kowa da iyalinsa, sai suka ɗora daga inda suka tsaya.

A Kollo ɗin ne ya kwaso wasan da ya zame masa jaraba. Wani ɗan ajinsu ya zo da tsohon littafin Faransanci wanda bango ya rabu da shi, ya koya musu. Wasa ne na baki. Mutum ɗaya ke jan labari, ya ce ga duniyar da ake ciki, ga abin da ya faru. Sauran kowa ya ɗauki mutum guda cikin labarin, ya yi magana da bakinsa, ya zaɓar masa abin yi. In an zo wurin da ba a san yadda za ta kaya ba, sai a jefa ƙwayar lido, abin da ta nuna shi ke nan. Ɗanmalam ya watsar da duniyoyin Turawan da ke cikin littafin ya gina tasa, wata tauraruwa mai rana biyu da ya kira Kurmuza, ya cika littafin rubutu uku da tsirranta da dabbobinta da dokokinta.

Duk Lahadi da hantsi ake shimfiɗa tabarma a ƙarƙashin bishiyar dogon yaron gidansa, a ɗora shayi. Idris ba ya fashi. Na ukunsu Salman ne, matashin ɗan kasuwa mai sayar da kayan waya, mai ɗage wando da barin gemu, wanda ya zo ranar farko don ya yi musu wa'azi a kan caca. Ya tarar babu ko dala a tabarmar, ya zauna ya ga ƙarshen abin, har yau bai ga ƙarshen ba. Sharaɗinsa biyu ne, a tashi da kiran azahar, kuma kada a yi batsa.

Shekara biyu suna yawo cikin jirgin sama jannati, suna faɗa da 'yan fashin taurari. Idris, wanda a zahiri ko kaza ba ya iya kora da ƙarfi, ya zama Kyaftin Altine, mai tsawa ɗaya. A nan kaɗai ake jin dariyarsa. Ɗanmalam ya san dalili. Sau uku Zalihatu matar Idris tana haihuwa, sau uku ana komawa da ɗan cikin ƙasa, biyu ba su kai suna ba, ɗaya ya yi wata guda. Na ƙarshen ma Ɗanmalam ne ya ɗauko shi a hannu har maƙabarta. Idris bai taɓa ɗaga maganar ba, kamar yadda ake son namiji ya yi, shi kuwa Ɗanmalam ya ɗauki shirun nan a matsayin warkewa.

Sai wata Lahadi Kyaftin Altine ya ce yana son Ninyal, wata 'yar Kurmuza doguwa mai hannu huɗu wadda ta cece shi daga guguwa. Salman ya aje kofin shayi.

"Tsaya, Likita," ya ce wa Ɗanmalam. "Ɗan Adam da wagga halitta? Mi ab bambancin shi da auren doguwa da 'yan bori ka hwaɗi?"

"Doguwa kama mutum takai, ba ta tambaya tai," in ji Ɗanmalam. "Wagga sai an tambaye ta, kuma tana iya cewa ba ta so."

"To tana da hankali? Ta balaga? Wa aw waliyyinta?"

Lahadi biyu suka kwashe a kan wannan, kuma a gaskiya sun yi abin kirki. Suka zauna a kan cewa ba a soyayya a Kurmuza sai tsakanin manya masu hankali, ba a jefa ƙwaya don a tilasta wa zuciyar kowa, kuma dole a nemi aure wurin dangi. Ɗanmalam ya zama kawun amarya mai hannu huɗu, ya ja wa Idris rai har sai da Salman ya faɗi kan tabarma don dariya. Game da abin da ke bayan labule kuwa, Ɗanmalam ya ari faifai daga madafin matarsa Hindatu. Da labari ya kai ƙofar ɗaki sai ya kife faifan a kan tire ya ce an rufe, gari ya waye. Babu wanda ya taɓa jin kunya a tabarmar nan, ko da Hindatu tana jin su daga gindin murhu. Ɗanmalam ya yi ta hura hanci, yana ganin ya gama da wuri mai santsi.

Ashe santsin yana gaba. Shi mutum ne da ya kashe rayuwarsa a kan barbara da ɗaukar ciki da haihuwar dabba, don haka ya zauna ya tsara yadda Kurmuzawa ke samun 'ya'ya, tsaf, kamar zai kai wa shugaban ma'aikatarsu rahoto. Ba sa ɗaukar ciki. Uwa takan fitar da wasu 'yan ƙwayoyi masu ɗumi daga tafin hannunta, uba ya hura musu numfashinsa, a shuka su cikin rairayi, iyaye su yi kwana arba'in suna musu waƙa har su tsiro. Babu batsa ko kaɗan, Salman ma ya sa albarka. A ransa Ɗanmalam kyauta yake shirya wa abokinsa. Yana so ya ba shi a baki abin da gida ya hana shi.

Kyautar ta karɓu fiye da yadda ya zata. Ninyal ta ba da ƙwaya uku. Idris ya ce Kyaftin ba zai koma jirgi ba, zai zauna gadi. Lahadi huɗu ana kiran sa yaƙi yana ƙi. Ya gina musu shinge, ya kori tsuntsaye, har ya ƙago waƙar da ake musu, ya rera ta a hankali da muryarsa ta gaske, idonsa a kan tabarma. Ya zaɓa musu sunaye, bai faɗa wa kowa ba, ya ce sai sun fito.

Amma akwai doka a shafi na goma sha ɗaya na littafin Kurmuza, da hannun Ɗanmalam. Ranar tsiro ana jefa ƙwayar lido. Shida ko biyar, duka su fito. Huɗu zuwa biyu, wasu su fito. Ɗaya, sanyin ƙasa ya kashe su gaba ɗaya.

Ranar Asabar da la'asar Hindatu tana tankaɗe, ta ce masa ba tare da ta ɗago ba, "Malam, ɗiyan ga na Mushe Idris, ka bari su tsiro hakanan. Ba sai an jehwa komi ba."

"Ke mi kinka sani cikin wasan ga?" ya ce. "Ko ƙwan zabuwa ba duka ka ƙyanƙyashewa ba. In na cire doka don aboki, gobe wa ka yarda da labarina?"

"Ba labarinka nika ji ba. Mutumen nika ji."

Ya yi dariya ya ce ɗaya cikin shida ne kawai, ta kwantar da hankalinta. Ta ci gaba da tankaɗenta.

Irin wannan jifa ta sirri, mai jan labari kaɗai ke ganin ta. Washegari Ɗanmalam ya jefa ƙwayar a tire, ya kife faifai, ya ɗaga gefe ya leƙa. Ɗigo ɗaya ne. Babu wanda ya gani sai shi. Da ya ce shida, da Idris ya yi kabbara, da an sha shayi, da har yau suna tare. Ya ji maganar Hindatu ta dawo masa, ya ji zuciyarsa ta ce ya rufe bakinsa. Amma shi Ɗanmalam ne, wanda bai taɓa yi wa makiyayi ƙarya ba, kuma a lokacin nan sunansa ya fi masa abokinsa daraja. Ya ɗage faifan gaba ɗaya don kowa ya shaida.

"Sanyi ya shiga ƙasa da dare," ya ce da muryar labari. "Kyaftin ya tona da sahe, ya iske su ukun sun yi sanyi."

Salman baƙo ne a garin, zuwansa bai fi shekara uku ba, bai san komai game da gidan Idris ba. Ya ga wasa ya yi daɗi, ya gyara zama, ya miƙa wa Idris hannu irin na ta'aziyya yana murmushi.

"Kyaftin, sai haƙuri. Allah shi sa masu ceto na."

Kalmomin da aka faɗa wa Idris ke nan a ƙofar gidansa, sau uku, daga bakin ɗaruruwan mutane. Ya karɓi hannun. Ya ce amin. Ya shanye sauran shayinsa, ya jawo takalmansa ya sa ɗaya bayan ɗaya, ya ce yana da takardun yara da zai gyara. Ko azahar ba a kira ba. A madafi, Hindatu ta daina motsa tukunya.

Ɗanmalam ya je gidan Idris bayan kwana biyu da niyyar ba da haƙuri. Amma haƙurin me? In ya ce na 'ya'yan wasa ne, ya mai da abin wasa. In ya ce na 'ya'yan gaske ne, ya tona abin da mai shi bai taɓa buɗewa ba. Mutumin da ke iya cewa a kawo wuƙa ya zauna yana tambayar lafiyar makaranta. Idris ya shimfiɗa masa tabarmar baƙi, ya gaishe shi gaisuwa cikakkiya, ina gajiya, ina iyali, ina aiki, irin wadda ba su taɓa yi wa juna ba tun suna benci ɗaya. Ya raka shi har bakin titi, ya yi masa godiyar zuwa. Ɗanmalam ya hau babur yana jin da ma zagin sa aka yi.

Lahadi ta zo, Idris bai zo ba. Salman da ya ji labarin daga baya ya yi kuka, ya je ya roƙi gafara, aka yafe masa nan take, don shi bai sani ba. Da hutun damina Idris ya nemi a canza masa wurin aiki, aka tura shi Sukukutane, can cikin rairayin da mota ke kafewa. Ba a yi faɗa ba, ba a yi gaba ba. In salla ta zo saƙon barka yana shigowa waya, layi ɗaya. Ɗanmalam ya nemo wasu matasa biyu su cike tabarma, suka yi wata guda suka watse, don labarin ya daina daɗi a bakinsa. Baƙin ciki ya zauna masa, ya zama mai saurin faɗa a wurin aiki.

Bayan shekara biyu aikin rigakafin shanu ya kai shi Sukukutane. Yana cikin ɗura allura wani makiyayi ya ce masa ai ya yi latti, da ya zo makon jiya da ya ci naman suna a gidan Mushe Idris, namiji aka samu, ƙato. Ɗanmalam ya tsaya da sirinji a hannu. An yi suna, an raba goro har rugage, shi ko a waya ba a gaya masa ba.

Duk da haka murna ta fi ƙarfin ciwon. Ya wanke hannu, ya shiga kasuwa ya sayi sabulu da 'yar riga, ya tambayi gidan. Ya yi sallama. Idris ya fito, ya yi ƙiba kaɗan, ya ja ƙyauren ya rufe a bayansa. Suka gaisa a tsaye cikin rana. Ɗanmalam ya yi barka, ya miƙa ledar.

"Idi," ya ce, sunan da yake kiran sa tun suna yara, "kai ni in gane shi. In sa mai albarka."

A daidai lokacin jaririn ya tsala kuka daga cikin gida, kuka mai ƙarfi na ɗa mai lafiya, har akuyar da ke ɗaure a gindin danga ta ɗago kai. Su biyun suka ji. Idris bai gusa daga bakin ƙofar ba, bai kuma kawar da ido ba.

"Barci shikai, Likita," ya ce. "Sai wani lokaci."