Malam Hodi Ba Ya Karɓar Kafin Alƙalami

Malam Hodi na Badariya ya shekara talatin yana tantance tsofaffin littattafan da aka rubuta da hannu. Aikinsa da jinkiri, amma bai taɓa karɓar kafin alƙalami ba.

Shekarar da aka ƙirƙiro Jihar Kebbi, Alhaji Tamba ya kawo littafin kakansa daga Argungu, ya dire kuɗi.

"Ɗauke abinka, Alhaji, sai na ƙare," in ji Malam. "Idon da ya ci kuɗi ba ya ganin aibi."

Wata huɗu ana cewa ya cika nawa. Ranar da ya ce littafin na asali ne, ba wanda ya yi musu. Sannan ya yanka ladarsa, Alhaji ko ragi bai nema ba.