Kumfar Bammi a Gashin Bakin Dede Iwuala

Shekarata goma sha ɗaya ina dafa abinci a gidan Sista Bernadin da ke bayan kasuwar Mbaise. Mutanen gari na kiransa Gidan Ruwa, don in ka shiga, wata shida cur ba abin sha da zai wuce maƙogwaronka sai ruwa da shayin da ba ya riƙe cokali. Gado ashirin da biyu ne, duk na maza, masu giya da masu ƙwaya da masu shaƙar abin da ko akuya ba za ta sansana ba. Na ga masu kuka, na ga masu haura katanga, na ga lauyan da ya sace min abarba da sukari zai haɗa tasa giyar a bokitin wanka. Duk sun cinye min gwiwa. Amma in ana maganar wanda ya tsufar da ni kafin lokacina, to Dede Iwuala ne.

Tatsar bammi ce sana'arsa, ita ya gada. Tun yana ɗan sha huɗu yake hawa kwakwa da igiya a ƙugu, kuma ba mai musu cewa harshensa ya fi na kowa sanin bammi a ƙauyuka tara. To ka san yadda muke. Wanda ya kawo bammi shi ke fara kurɓa a gaban mai saye, kowa ya shaida ba a sa komai a ciki ba. Masu saye arba'in, kurɓi arba'in, duk kafin ƙararrawar coci ta ƙarfe tara. Shi bai taɓa yarda yana shan giya ba, cewa yake aiki yake yi. Da bammi ya daina kama shi sai ya ƙara da ogogoro, giyar nan mai ƙuna, daga nan sai giyar 'yar leda a aljihun gaba da na baya. A lokacin in ya yi fitsari a gindin rogo, kaji ne ke kwana a wurin suna waƙa.

Wata safiya ya hau kwakwa, ya manta a sama yake, ya taka iska zai tafi gida. Ƙugu ya karye, ƙafar hagu ta gajarce. Matarsa ta yi jinyarsa wata biyar, ranar da ya fara takawa bai zame ko'ina ba sai rumfar mai ogogoro. Ta ɗaure kayanta ta koma Aba da 'yarsu guda, Akudo, tana sayar da busasshen kifi. Can ta rasu shekara huɗu da suka wuce.

Zuwansa na farko wurinmu kwana tara ya yi. Gurgun da ke cewa ba ya iya ɗaga bokiti, sai ga shi ya haura katanga mai tsayin mutum biyu, ya bar mana takalmi ɗaya. Na biyu ya cika wata shidan, har muka yanka masa kaza. Sati uku da fita aka yi bikin binne wani dattijo a ƙauyensu, gardama ta tashi ko an yi wa bammin surukai ruwa, aka ce a kira Iwuala ya raba gardama. Ya raba ta har washegari a cikin kwata.

Na uku Akudo ce ta kawo shi a adaidaita, yana rawar jiki kamar injin niƙa. Sista ta dube shi ta dubi takardar masu jiran gado, wadda ta kai tsawon hannuna. Ta gaya masa a gabana, ba faɗa ba murmushi, cewa wannan ne na ƙarshe. Ranar da ya kurɓa ko da cikin murfin kwalba ne, gadon na wani ne, kuma ba za ta sake buɗe masa ƙofa ba. Kowa ya san in ya rasa gadon nan, hantarsa ba za ta kai shi Kirsimeti biyu ba. Likita ya faɗa, ni ma na faɗa wa duk wanda ya tsaya kusa da ni.

Sati biyun farko amai da gumi da ganin ƙadangaru a silin. Da ya dawo hayyacinsa aka turo min shi kicin. Mutum ne da zai yi awa guda yana feraye doya ɗaya, ya bar maka abin da bai fi sabulun otal ba. Yana kirana Mama Kicin, ina kiransa Tsuntsun Kwakwa. A zaman da suke yi da safe ƙarƙashin mangwaro, inda kowa ke faɗin abin da ke cin ransa, shi kullum labarinsa ɗaya, cewa bammin yanzu duk sakarin ne, ƙwayar zaƙin nan da ake jefawa a ruwa. Akwai allo a ɗakin cin abinci da ake rubuta kwanakin kowa da alli. Nasa ya kai ɗari da talatin da ɗaya ranar da ƙanensa Onyewuchi ya zo.

Onyewuchi mai sayar da tayil ɗin daɓen ɗaki ne a Owerri, tumbinsa kan riga shi shiga ɗaki da minti biyu. Ya zauna a kan bencin kicin ɗina ba gayyata, ya ce Akudo ta samu miji, an sa ranar ɗaukar bammi, wato bikin aurenmu na gargajiya, Asabar ta sama. Ya ce dangi sun zauna, sun ga ya fi sauƙi shi ya zauna a kujerar uba, shi zai kurɓa ya miƙa wa yarinya ƙoƙo ta je ta nemo mijinta, shi zai sa albarka. Za a aiko wa Dede hotuna.

Iwuala ya ci gaba da ferayar doya har wuƙa ta kusa fita ta ɗaya gefen.

"Na mutu ne, Onyewuchi?"

"Dede, ba wanda ya ce ka mutu. Lafiyarka muke dubawa."

"In ban mutu ba, ƙoƙon nawa ne. Ka gaya musu."

Kwana huɗu yana bin Sista kamar kaza mai neman tsaba. Ta ce ya bari, ya ce a'a. Ta ce a zuba masa lemo a ƙoƙon, ya ce surukai ba makafi ba ne, kuma da gorar da suka kawo ake zubawa a gaban kowa. Ta ce ya miƙa ba tare da ya kai baki ba, ya ce uban da bai kai ƙoƙo bakinsa ba, ai ya faɗa wa duniya ke nan bai yarda da auren ba, yarinyar za ta shiga gidan miji da wannan magana a kanta. Daga ƙarshe ta gaji. Ta ce ya fita takwas ya dawo kafin shida, sharaɗin nan yana nan yadda yake, kuma sai da ɗan rakiya. Ta waiga, ni ce a tsaye ina yi kamar ina goge tebur. Haka tsayawa kusa da ƙofa ya ja min tafiyar da ban nema ba, ranar hutuna.

Ya ce yana da dabara. Zai kai ƙoƙon baki, ya dantse leɓe, ya yi kamar ya kurɓa. Har ya riƙa gwadawa da ruwan shinkafa a bayan kicin, yana tambayata ko maƙogwaronsa ya motsa yadda ya kamata. Na ce ya motsa kamar na ƙadangare, ya ƙyale ni.

Asabar muka hau bas, shi da riga mai hoton kan zaki da jar hula, ni da ciwon baya. Tun daga bakin hanya warin bammi ya tare mu. Gora ashirin jere a ƙarƙashin rumfa, kumfa na tsiyaya, ƙudaje na biki nasu daban. Na ga hancinsa ya buɗe kamar ƙofar gareji. Tsofaffin abokan shansa suka taso, wannan ya ce Iwuala ya yi ƙiba, wancan ya ce an ce yanzu shi ma Sista ne, saura ɗankwali. Ya yi dariyar da ba ta kai ido ba, ya riƙe hannunsa na dama da na hagu. Onyewuchi ya ba shi kujerar uba, amma ya ja tasa ya manna da ita, ko da za a buƙace shi.

Aka fasa goro, aka yi jawabai masu tsawon damina. Ƙarfe uku Akudo ta fito ta durƙusa a gabansa. Aka tsiyaya bammi a ƙoƙon katako aka ba shi. Ƙoƙon ya cika har ya zuba a gwiwarsa. Ya ɗaga, ya dantse baki, ya kafa ƙoƙon a leɓe, maƙogwaro ya motsa. Ina tsaye taku biyar daga wurin, idona a kansa kamar na mai gadin banki. Ko ɗigo bai shiga ba. Ya miƙa mata, mata suka yi guɗa, ta tashi tana rawa tana neman miji cikin taro.

Abin da ba mu lissafa ba a bayan kicin shi ne ruwan shinkafa ba ya kumfa. Bammin nan sabo ne, kumfarsa ta zauna fari fat a gashin bakinsa, tana gangarowa a hankali tana taruwa a tsagar leɓe. In ya buɗe baki, ta shiga. In ya lasa, shi ke nan. In kuma ya sa hannu ya goge a gaban surukai, ya ce bamminsu ba shi da kyau ke nan, daga bakin mutumin da ƙauyuka tara ke jin hukuncinsa. Ya zauna ƙiƙam, leɓe a turo, yana numfashi ta hanci, kowane numfashi kuma warin yake ja har ƙwaƙwalwa. Jijiyar wuyansa ta miƙe. Gumi na bin kunnensa.

Ita kuma Akudo ba ta sani ba, tana ta yanga. Samari na kiranta tana kaucewa, ta zaga rumfa ta ɗaya, ta zaga ta biyu. Na rantse na yi zaton sai ta leƙa Aba ta dawo. Da ƙyar ta samo angon a bayan masu kiɗa, ya shanye, suka taho tare suka durƙusa gaban uba don ya sa albarka.

Makaɗa suka tsaya. Iwuala na nan leɓe a dantse. Aka miƙo masa makirfo, ya dube shi kawai. Mutane suka fara kallon juna, uwar ango ta gyara ɗaurinta tana magana a kunnen ta kusa da ita. Akudo ta ɗago kai a hankali.

"Papa?"

Onyewuchi ya yi gyaran murya, ya miƙo hannu zai karɓi makirfon. A nan Iwuala ya juyo da ido ya neme ni.

Ni mace ce mai miji da jikoki uku, mai kujera a layi na biyu a coci. Na ratsa filin nan a gaban mutum ɗari uku, na kama bakin zanena, na riƙe haɓar mijin wata marigayiya, na goge masa baki tas kamar yaron goye, har cikin gashin. Wata tsohuwa ta ce, ashe abin da ake dafawa a Gidan Ruwa ke nan. Aka kwashe da dariya. Shekara goma sha ɗaya ina ɗaukar labarin mutane, ranar nan na ga nawa ya tashi da ƙafarsa ya riga ni fita ƙofa.

Ya karɓi makirfon daga hannun ƙanensa. Albarkar ba ta da tsawo. Ya ce su zauna lafiya, su haifi maza da mata, kada angon ya bari Akudo ta taɓa zuwa neman mijinta a kwata. Aka ce amin, wasu da dariya, Akudo ba da dariya ba. Bai jira rawa ba, bai jira shinkafa ba. Ya raɗa min cewa in bai bar wurin nan yanzu ba, ba zai bar shi ba. Na bar naman akuyata a faranti muka fita ta bayan gida.

A bas ya zauna a kan hannuwansa. Shida saura kwata muka shiga. Sista na bakin ƙofa, kuma ba sai ta matso ba, rigarsa da zanena duk warin bammi suke. Ta tambaye shi ko ya sha. Ya ce ya taɓa leɓensa, bai wuce nan ba. Ta ce kowa haka yake faɗa. Sai ta juyo gare ni, ta ce in faɗa mata abin da na gani, kuma don Allah yau kaɗai kada in sa gishiri.

Ban taɓa ba da labari mai wuya irin wannan ba. Na faɗe shi tsirara, ba ƙari, har da zanen. Ta daɗe tana kallonsa, shi kuma yana kallon ƙasa. Ta ce gadon nasa ne. Ta ce amma yadda ta ga jikinsa, ta ƙara masa wata guda a kan shidan, kuma ya cire rigar nan ya ba ni in jiƙa kafin sauran su sansana.

Bai yi godiya ba, bai yi gardamar watan ba. Ya cire rigar a tsakar gida ya miƙo min, ya ja ƙafa zuwa ɗaki da singileti da jar hularsa. Da na leƙa kiransa cin abinci, yana kwance rub da ciki da takalmi a ƙafa, ya riƙe ƙarfen gadon da hannu biyu. Na rufe masa akpu, tuwon rogonmu, da miyar shuwaka na ajiye, na je na jiƙa rigar da zanen a bokiti ɗaya, tunda dai an riga an gama da sunana.