Gidajen Laka a Wani Ƙauyen Ingila

Gari bai gama wayewa ba muka ɗauki hanya, ni da yayata mai aikin jinya a Ingila da mijinta. Ni na dame su sai sun kai ni wani ƙauye can kudu maso yamma, don na ga a bidiyo wai gidajensu na laka ne. Kun san ni da son tsohon gini, ba karatunsa na yi ba, karambani ne kawai. Kuma na baro magana a gida: Baffa ya ce bayan damina zai rushe zauren laka da marigayi kakanmu Malam ya gina a Ƙofar Guga, can Katsina, ya sa bulo. Tun daga nan Hajiya kakata ta rage cin abinci.

Da muka bar babban titi sai hanya ta tsuke, in mota biyu suka haɗu dole ɗaya ta ja da baya. Tumaki ko'ina, ba makiyayi. Ƙauyen bai kai unguwarmu ba: coci na dutse, shago ɗaya, da makarantar da aka rufe don yara sun yi kaɗan. Da gashin tumaki kakanninsu suka yi arziki, yanzu matasa sun tafi birni, saura tsofaffi da furanni. Shayinsu ga tsada ga salam, na shanye don kunya.

Na tsaya gaban wani farin gida mai jinka, na shafa bangon. Wallahi laka ce da ciyawa, irin tamu. Sai ga tsohuwar gidan da sandarta. Na zaci faɗa za ta yi, sai ta ce in shigo in ga kaurin bangon ta wajen taga. Ta ce a nan aka haifi mijinta da kakansa, kuma daɗewar gidan ba wani sirri ba ne: kada ruwa ya zauna a sama, kada ya kwanta a gindi, in tsaga ta fito a toshe. Na nuna mata hoton zaurenmu. Ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, wa ke yi masa yaɓe? Tun rasuwar kakana ba wanda ya yi.

Da na dawo Katsina na roƙi Baffa ya ba ni rani ɗaya in gyara zauren. Ya yi dariya, ya ce, "Wato sai da ka je Ingila ka san laka?" Amma ya yarda. Na fahimci ba tsufa ke kayar da ginin ƙasa ba, rashin mai taɓa shi ne.

Muka kawo jar ƙasa daga Batagarawa, muka kira tsohon magini. Ranar da muka fara kwaɓi, Hajiya ta sa aka fito mata da tabarma ƙofar gida. Ta jima tana kallon ƙafafunmu cikin laka, can ta ce, "Ku ƙara ciyawa, Malam ba ya yi mata rowa."